Tagar da Murdo Ya Gyara

Alasdair Rennie tsohon direban bas ne a unguwar Leith, amma a layinsu an fi saninsa da tagogi. Gidansa na da irin tagogin katakon nan na dā, masu zamewa sama da ƙasa, da igiya da ƙarfen da ke daidaita nauyin tagar ɓoye a cikin bango. Tun da ya auri Ishbel, hannun wani bai taɓa su ba. Shi ke canza igiya, shi ke kankare tsohon fenti, kuma idan ya yi sabo sai ya riƙa motsa tagar kullum har ya bushe, don kada ta manne.

Sai Murdo Geddes ya tare a gidan da ke kallon nasu. Gwauro ne, kafintan jirgin ruwa da ya bar aiki. Wata rana Ishbel ta kai masa biredi, ta dawo tana cewa tagar Murdo da yatsa ɗaya ake ɗagawa, kuma duk inda ka bar ta nan take tsayawa.

"Biredi kika kai ko duba gida kika je?" in ji Alasdair.

"Duka biyun, tsoho. Idona a buɗe yake."

Abin ya tsaya masa a rai. Kafin sanyi ya shigo ya cire gilashin tagar falo ya sa mai kauri, irin wanda Murdo ba shi da shi. Bai tuna cewa ƙarfen da ke cikin bango an auna shi ne da tsohon gilashin ba. Tagar ta yi nauyi, da an sake ta sai ta faɗo. Ishbel kuwa amosanin gaɓɓai ya ci yatsunta, kuma a gindin tagar nan take wuni. Ta gwada tokare ta da cokalin katako, har ranar da cokalin ya zame, tagar ta murje mata babban yatsa. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta tsallaka titi ta kira Murdo.

Murdo ya zo da guntayen dalma a aljihu. Ya buɗe gefen katakon da ya zagaye tagar, ya ƙara wa ƙarfen nauyi.

"Riƙe min nan, direba, kar ka taka birki," in ji shi.

Alasdair ya riƙe, yana kallon Ishbel tana fito da kofunan da ake ajiye wa baƙi.

Daga ranar ya daina kula da tagar falo. Sauran yana goge su, yana shafa musu kyandir a inda suke zamewa, ita kuwa ko kallo. Da ruwan bazara ya yi yawa katakon ya kumbura, ta fara cijewa. Yana daga kicin yana jin Ishbel tana nishi da ita, wani ɓangare na zuciyarsa yana jin daɗi. Amma ya ga yadda take riƙe yatsunta bayan ta gama.

Da ta fita kanti sai ya ɗauko guntun kyandir da takardar goge katako, ya durƙusa a falo.

Ishbel ta dawo, ta ajiye jaka, ta ɗaga tagar da yatsa ɗaya.

"Ka gani ko? Aikin Murdo har yanzu lafiya lau."

Alasdair ya tura kyandir ɗin can ƙasan aljihunsa, ya ce shayi ya huce.