Tomezo, Mai Kyanwar Takarda

Duk wanda ya bi ta gangaren wurin bauta na Kurumizawa da sassafe ya san wannan ƙarar, shuu, shuu, kamar ana share tsakar gida a hankali. Tomezo Kaburagi ne yake wasa wuƙaƙensa a kan dutse. Ko akwai aiki ko babu sai ya wasa su. Daga nan ya jiƙa takardu ya jera su tsakanin tsumma mai laima, ya ɗiga mai a faifan da yake goga takarda da shi a kan allo, sannan ya juyo kan shayinsa da ya riga ya huce. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi sha da zafinsa, ya ce wuƙa ta riga shi zuwa gidan, ita ake fara gaisarwa.

A bikin wuta na Janairun nan ya ajiye aiki, bayan fiye da shekara hamsin. Na jira in ga wanda zai rubuta wani abu a kansa, ban gani ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san idan ya karanta cewa zai yi na cika surutu.

Kowa a kwarin nan ya buɗe ido ya tarar da kyanwar nan baƙa ta takarda manne a ɗakin kiwon tsutsar siliki, ta zauna ta naɗe wutsiya tana harara, wai don ɓeraye su ji tsoro. Shekara na juyowa a ɓamɓare ta a jefa a wutar biki, a manna sabuwa. Kowace ɗaya daga cikinsu daga hannun Tomezo ta fito, daga allon katako guda da ya gada a wurin surukinsa, tsoho Genpachi. Wanda ya zana kyanwar tun farko da wanda ya sassaƙa allon, babu wanda ya san sunansu.

Ni dai tun muna benci ɗaya da Tomezo a firamare nake cewa ɓera bai san hoto ba. Na je birni na yi shekaru ina koyar da tarihi, na dawo da furfura, ban sauya ra'ayi ba. Haka kuma maganar da masu jawabi suke so, wai masu sassaƙa na da sun ɓoye sunayensu ne don tawali'u. Ban yarda ba. Mai kanti yana buga nasa suna, mai zanen da ya yi fice yana buga nasa, mai wuƙa kuwa ba a ma tambaye shi ba. Mu daina yi wa abin da aka hana mutane ado muna kiransa halin kirki. Saboda haka ba don bai sa hannu ba nake jinjina wa Tomezo. Don abin da na gani ne da idona, da abin da wasu suka gani.

Lokacin da masaƙar siliki ta kwarin nan ta rufe, gidaje suka riƙa nannaɗe kayan kiwon tsutsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauka kyanwa ma ta gama yayi. Tomezo bai rage ko takarda ɗaya ba. Ya ce inda babu tsutsa ai akwai shinkafa, ɓera kuma bai yi ritaya ba. Tsofaffin da ƙafa ta daina kai su wurin bauta, shi yake hawa babur ɗinsa mai tari ya kai musu har kan dutse, ya kuma manna musu da kansa don kada su hau kujera su faɗo. Inna Motegi ta ba ni labarin shekarar da rumfarta ta ƙone ƙurmus. Washegari tana tsaye cikin toka sai ga shi da kyanwa a hannu. Ta ce masa, yanzu a ina zan manna ta, a goshina? Ya ce ta manna a bishiyar ƙofar gida kafin bango ya tashi. Ta ce ranar ce ta fara yarda cewa bangon zai tashi.

Kai ne mai zuwa kafin a kira, Tome, mai wuƙar da ba ta gaggawa.

Amma katako ma yana tsufa. An jima kyanwar tana fitowa babu gashin baki, ido kamar na mai jin barci. A sanyin bara allon ya tsage daga kunne har haɓa. Iizuka, mai kula da wurin bauta, ya tara mu ya ce dole a sassaƙa sabo, kuma duk kwarin mutum ɗaya ne zai iya. Tomezo yana zaune a gefe, yanar ido ta fara rufe masa idon dama, hannunsa kuma ya soma rawa idan ya ɗauki kofi.

Yadda ake yi sananne ne. Ana samun bugu mai kyau na tsohon allo, a kifa fuskarsa a kan sabon katako, a manne da talgen shinkafa, a yi ta murza bayan takardar da yatsa har zanen ya leƙo, sannan wuƙa ta bi layi ta cikinta. In an gama, katako ya samu kyanwa, takarda kuwa ta tafi ke nan. Matsalar ita ce mun kasance masu biyayya. Kowace shekara mun ƙona namu kamar yadda aka ce mu yi. Aka bincika gida gida, babu tsohon bugu ko ɗaya.

Sai Tomezo ya ce akwai ɗaya a wurinsa. Ta Kinuyo ce, matarsa da ta rasu shekarun baya. Mahaifinta Genpachi ne ya buga mata a shekarar aurensu, lokacin da allon yake da sauran ƙarfinsa, ita kuma ta ƙi ƙonawa, ta ajiye a ƙasan akwatin kayanta. Kayan ya riga ya rabar wa dangi. Takardar kaɗai ya riƙe.

Da yamma na bi shi har shago.

"Tome, akwai injin fotokwafi a ofishin gunduma. A kwafa, ka manna kwafin, ka mayar da ta Kinuyo inda ka ɗauko ta. Wuƙa ba ta san bambanci ba."

"Wuƙa ba ta sani ba, Malama. Kyanwa ta sani."

Ya ce abin da Genpachi ya gaya masa shi ne, sai sabon allo ya ci kyanwar da tsohon allo ya haifa, in ba haka ba hoton hoto za a riƙa rabawa mutane. Na ce wannan camfi ne, kuma da idon nan nasa, in wuƙa ta zame ya rasa takarda ya rasa allo, ya tashi a tutar babu. Ya ce ya sani. Na ce kansa ya fi katakon tauri. Ya ce ni ma haka nake tun benci, shi ya sa malamai suka gaji suka ba ni digiri don in tafi in ba su wuri. Da na fito da waya zan ɗauki hoton takardar, ya ce in ɗauka, in na koma birni in nuna wa ɓerayen can, su ne masu karatu.

A nan na ga abin da ban taɓa sani ba. Kyanwar tana nan garau, kowane gashin baki a tsaye, amma ƙarshen wutsiyarta babu. An gutsure shi, ga sawun haƙora ƙanana a jere. Tomezo ya ce a shekararsu ta farko Kinuyo ta cika talge wajen mannawa, ɓeraye suka zo suka ci talgen, suka haɗa da wutsiyar mai gadi. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ranar biki ta ce kyanwar da ta sha irin wannan kunya ba za a ƙara mata da wuta ba, hutu ya kamace ta. Na ce to ga hujjata, shekara hamsin tana kwance a akwatinka. Ya ce shi ya sa bai taɓa nuna mini ba.

Ban damu da wutsiyar ba, don tana nan cikakkiya a tsohon allo, dubawa kawai zai yi ya cike. Abin da ya dame ni shi ne ranar da ya kifa takardar. Ina wurin. Ya shafa talge, ya riƙe ta sama ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora ta ya danne da tafin hannu. Ya jiƙa yatsa ya fara murzawa, takardar tana nannaɗewa ƙanana ƙanana tana zubowa a cinyarsa. Ko ɓurɓushi ɗaya bai bari ya faɗi ƙasa ba, duk ya tattara a wani ƙaramin kwano.

Daga nan ya rufe ƙofa. Duk kakar nan maƙwabta suna hango shi ta taga, ya duƙa da gilashin ƙara girma ɗaure a goshi, hannun hagu ya tallafe na dama. In rawar hannu ta tashi sai ya ajiye wuƙa ya je ya share gaban wurin bauta, ya dawo. Inna Motegi tana ajiye masa miyar taliya a bakin ƙofa, ta ce sau da yawa da sanyinta yake sha, kamar shayin.

Ranar biki, yara suna gasa curin shinkafa a tsinke, wuta ta kama, Tomezo ya kawo bugun farko ya miƙa wa Iizuka. Iizuka ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ga ido ya dawo da harararsa, ga gashin baki siriri kamar zare, babu inda wuƙa ta zame. Sai idon mutane ya sauka ƙasa kan wutsiyar. Wutsiyar gutsurarriya ce, da sawun haƙoran nan, ɗaya bayan ɗaya, an sassaƙa su da kulawar da aka yi wa idanun.

Iizuka ya gyara murya. "Baba Tomezo, wutsiyar fa?"

"Abin da takarda ta ba ni shi na sassaƙa."

Inna Motegi ce ta fara dariya, ta ce ai wannan ta Kinuyo ce, ta san labarin, a ba ta biyu. Nan take mutane suka yi layi. Tomezo kuwa ya zagaya bayan wuta shi kaɗai, ya juye ɗan kwanon nan a ciki.

Har yau ina kan bakana cewa fotokwafi zai yi, Tome, kuma ɓera bai san hoto ba. Amma kai ne ka ɗauki abu ɗaya tak da ya rage maka ka sa masa wuƙa don mutanen da ba su roƙe ka ba, kuma ka yi shi da rabin ido ba tare da ka ɓata layi ba. Mun gode, da na yanzu da na shekarun da ba mu ce komai ba. Ku kuma da kuke karantawa, in kuna da aikin hannu, ku riƙe shi irin wannan riƙon. In kuma kun san wani mai irinsa, ku kira sunansa tun yana ji, kada ku jira ya zama wani wanda ba a sani ba sannan ku yi jawabi.

Bana, karon farko a rayuwata, akwai kyanwa a ƙofata. Tarkon ɓera yana nan ƙarƙashinta, kada wani ya ce na tuba. Tomezo ya sayar da babur, yanzu da sanda yake zaga gari da safe bayan ya wasa wuƙaƙen da ba zai ƙara aiki da su ba. Na lura ba ya wuce ƙofa sai ya ɗan tsaya. Jiya ya tsaya a tawa, ya daɗe yana duban wutsiyar, ya sa yatsa ya danne gefen da ya ɗago. Sannan ya leƙo ta taga ya ce mini na cika talge.