Yabon da ya hana Madam ƙarin girma

Shekarun baya, farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da mai wayar salula ke ɗora ta a kan tebur don jama'a su shaida, aka ba ni shugabancin wani ɗan sashe a ma'aikatarmu nan Abuja. Mutum huɗu ne kacal a ƙarƙashina, amma har tafiyata sai da ta canza, kai ka ce minista.

Ƙarshen shekara aka kawo mini fom ɗin da shugaba ke rubuta ra'ayinsa kan aikin kowa, wanda da shi ake duba ƙarin girma. Na rubuta wa na farko "good", na biyu "good", na uku ma haka. Sai kunya ta kama ni. Ni da digirina, a ce kalma ɗaya nake ta juyawa kamar waina? Na jawo ƙamus ɗina mai jera kalmomi masu ma'ana ɗaya, littafin da zai iya tokare tirela. Na buɗe "good", sai ga danginta kamar an kira taron suna.

Fom na ƙarshe na Madam ne, mai buga mana takardu, 'yar Filato. Daga Bwari take tasowa kullum, amma tana riga kowa zuwa ofis. Na ce wannan ta fi ƙarfin kalma mai harafi huɗu. Na zaɓar mata "satisfactory", don a lissafina doguwar kalma ita ce doguwar daraja.

Da sunayen waɗanda aka ƙara wa girma suka fito, babu nata. Ta shigo ofishina, ta tura ƙofa a hankali, ta ce, "Oga, laifin me na yi maka?"

Na rantse mata yabonta na yi. Ba ta yi musu ba, ta ce dai in je in tambayi darakta.

Darakta ya cire tabarau ya dube ni. Sannan ya yi mini karatu: a ma'aikata kalmomin nan tsani ne, kowa ya haddace shi amma ba a rubuta shi ko'ina ba. "Satisfactory" ta wanda ba a son kora kuma ba a son ɗagawa ce. "Good" ta mai zuwa aiki ce kawai. Wanda ake so ya wuce, "outstanding" ake ba shi. Ashe su ukun can ma ba wani gata na yi musu ba.

Na rubuta takardar gyara, na yi ta hawa bene da sauka har takalmina ya nemi ritaya. Kwamitin ƙarin girma ya riga ya tashi. Aka ce sai baɗi.

Da baɗin ta zo, na kira Madam, na ajiye fom a gabanta, na tambaye ta me zan rubuta. Ta ce, "Oga, rubuta abin da mutane suke rubutawa. Manyan Turancin nan, ka kai su gida." Na rubuta "outstanding", ta samu ƙarin girman.

Har yau ina mamakin wanda ya fara kafa tsanin nan. Na tambayi tsofaffin ma'aikata da yawa, kowa ya ce haka ya tarar. Ina ba da labarin a yi dariya, ni ma in taya. Amma shekara guda cur na ci wa baiwar Allahn nan, kuma har ta bar aiki ba ta sake ta da maganar ba. Da ta zage ni ma, da tuni na manta.