Na Ara wa Attajirin Albasa Bakina, Ya Kori Dangin Mahaifiyata

Assalamu alaikum Edita, da ku masu bibiyar wannan shafi. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. Abin ya daɗe yana cin raina, shi ya sa na ga gara in fitar da shi ko wani zai tsira.

A lokacin da abin nan ya faro, ni malamin firamare ne a Maiyama, da matata da ƙananan 'ya'yanmu, muna zaune cikin rufin asiri. Mahaifina Bahaushe ne manomin gero, mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, Bafulatana ce daga wata ruga a wajen Kuberi. Na tashi da harshe biyu a bakina, Hausa a waje, Fulatanci a ɗakin Inna. Allah ya kuma ba ni iya magana, don haka duk sa'ad da shanu suka yi ɓarna a gona aka zauna sulhu, ni ake kira in yi tafinta. Manoma sun yarda da ni, makiyaya sun yarda da ni. Gaskiya abin yana fasa mini kai, har na fara ganin aji da alli sun yi mini kaɗan.

Mutumin da zan ba ku labarinsa, bari in kira shi Alhaji. Tun yana dako a kasuwar albasa ta Aliero aka san shi, buhu a ka, wari na bin sa duk inda ya gifta. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, ya iya nema. Daga dako ya koma dillanci, daga nan ya fara sayen albasa lokacin kaka yana jibgewa a rumbuna, sai ta yi tsada ya loda manyan motoci zuwa Kudu. Bai daɗe ba ya gina gidan mai a Jega, ya shiga harkar taki. Manoman Gehuru sun san halinsa tun tuni, domin yakan ba su taki da man injin ban ruwa a farkon rani, in an cire albasa kuma shi kaɗai ke yanke farashi, ba mai ikon ɗaga kai. Duk na ji waɗannan labarai, amma da aka ce ya fito takarar majalisa, ya kuma taka da ƙafarsa har makarantarmu yana neman ganina, sai na manta da su kaf.

Ya riƙe hannuna a gaban sauran malamai, ya ce ya ji labarin hazaƙata, irina bai kamata ya ƙare a cikin ƙauye ba. Ya ce ƙuri'un gari suna hannunsa, na rugage ne suka gagare shi, domin Fulani ba sa yarda da ɗan kasuwa. Ya yi mini alkawarin cewa in ya hau, ni zan zama mai ba shi shawara kan harkar makiyaya. Da na koma gida matata ta ce in yi hattara, mutumin da ya matse manoma ba zai tausaya wa masu shanu ba. Na yi mata tsawa, na ce ba ta san komai ba a harkar maza.

Abin da ya fi damun mutanen Inna a lokacin shi ne wani tafki da ke tsakanin Kuberi da Sarandosa, wanda ba ya ƙafewa sai can ƙarshen rani, da burtalin da shanu ke bi su isa gare shi. Tun kakanni nan ne mashayarsu. Kwanaki kafin in raka Alhaji rugar taron neman ƙuri'a, na ga wasu mutane da kayan awo suna zagaya tafkin suna kafa turaku. Na tambayi Alhaji, ya yi dariya, ya ce shi ya turo su, yashe tafkin zai yi ya faɗaɗa shi don dabbobi. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na danne ta, saboda ina hango kaina a cikin ofis mai sanyi.

Ranar taron, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata tsamiya, aka kawo kindirmo a ƙorai. Kawuna, yayan Inna, shi ne Arɗon rugar, dattijo ne marar yawan magana. Yana jin Hausa sarai, amma bai kalli Alhaji ba, ni ya kalla. Ya ce mini da Fulatanci shi bai san baƙon nan ba, ni ya sani, ni jininsu ne. Ya tambaye ni ko na amince da mutumin nan amincewar da zan iya barin 'ya'yana a hannunsa. Na miƙe tsaye na rantse da Allah cewa tafki da burtali ba mai taɓa su. Alhaji ya dafa kafaɗata, ya ce wa jama'a, "Duk abin da Malam yaf faɗi maku, ni naf faɗi." Ranar zaɓe kuwa, har tsofaffin mata suka bar tatsar nono suka taka doguwar tafiya suka shiga layi cikin rana. Inna da kanta ta bi bukka-bukka tana cewa ɗanta ne ya yi magana.

Ya ci zaɓe, aka yi ta kiɗa a Jega. Lambarsa ta daina shiga, muƙamin da ya ce zai ba ni aka ba wani ɗan gidan surukansa. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ranin da ya biyo baya, da katafila ta iso bakin tafkin ta baje burtalin, aka kewaye wurin duka da waya mai ƙaya, aka sa masu gadi. Ashe tun kafin zaɓe ya gama shirinsa, gonar albasa ta zamani zai yi, ruwan tafkin kuma shi zai shayar da ita. Shanu suka zo suka tsaya a bayan waya suna kallon ruwa suna kuka. Da ƙishirwa ta matsa, matasan rugar suka karkata da garke ta cikin lambunan mutanen Sarandosa don su kai ga rafi. Albasar talakawa aka tattake, waɗanda su ma ba su ci ba, ba su sha ba. Faɗa ya kaure tsakanin mutanen da suka yi shekara da shekaru suna musayar nono da hatsi, aka fasa kawuna, aka sassari shanu. Jami'an tsaro suka zo suka kwashi mutane, har da Kawu wanda ko wurin bai je ba. A gaban matansa da jikokinsa aka tura shi bayan mota, rawaninsa ya faɗi ƙasa ba a bar shi ya ɗauka ba.

Na yi ta zarya gidan Alhaji a Jega, masu gadi suna mayar da ni. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na samu na kutsa cikin 'yan gaisuwa. Na durƙusa, na ce ranka shi daɗe, Arɗo na tsare, a taimaka a buɗe wa dabbobi ko da gefe guda na tafkin, saboda alkawarin da aka yi. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, yana ɓare goro, sannan ya ce, "Malam, ni ina jin Hillanci? Kai kat tsaya kana ta zuba da yarenku, ni ban san mi kac ce masu ba. In akwai alkawari, naka ne, tafi ka cika." 'Yan koren da ke zaune suka tuntsire da dariya. Har yau ban manta da dariyar nan ba. Ban san yadda na fito daga gidan ba.

Dattawan Sarandosa ne da kansu suka je suka tsaya wa Kawu aka sake shi, su da aka yi wa ɓarna, domin sun gane wanda ya haɗa su. Bai yi mini faɗa ba, bai zage ni ba. Da damina ta wuce ya tattara iyalinsa da abin da ya rage na shanu, suka nausa yamma suka tsallaka iyaka. Sauran gidajen suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Na je sallama, ya miƙo mini hannu yana kallon wani gefe. Ban sake ganinsa ba, labarin rasuwarsa kawai ya iso mana, a ƙasar da ba tasa ba. Inna tana gidana har gobe, ba ta yi mini baki ba, amma tun ranar da ɗan'uwanta ya tafi ta daina yi mini Fulatanci. In na gaishe ta da harshen da ta rene ni da shi, sai ta amsa da Hausa, a taƙaice, kamar yadda take amsa wa mai tallar gishiri.

Shi kuwa Alhaji gaba ya yi ta yi. Daga majalisa aka ba shi wani babban muƙami a gwamnati, yanzu sai a rediyo muke jin sa yana jawabin zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya, ba kunya ba tsoron Allah. Kwanan baya da zaɓe ya sake matsowa, ya turo mini mota wai in zo a manta da baya, akwai wasu rugage a wajen Aliero da yake so in raka shi. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya faɗa masa ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, mu haɗu a gaban wanda yake jin kowane harshe.

Na san ni ma ba wankakke ba ne, na ga turakun awo da idona na yi shiru don kwaɗayi. Abin da na koya shi ne, wanda ya saba auna komai da riba, in ya shiga mulki ku ma haja ce a wurinsa. Kafin ku bi ɗan takara, ku je ku tambayi waɗanda suka yi ciniki da shi tun yana ƙarami. Ku kuma da jama'arku suka amince da ku, malamai da limamai da masu unguwanni, ba ku yake so ba, amincin nan yake so ya saya. Kada ku rantse a madadin kowa. Shi zai shige motarsa ya tafi, ku za a bari da mutanen da kuka yaudara, kuna haɗa ido da su safe da yamma.