Wakilin Gungun Gabas

A shekarun da na yi aiki a Lyon, ba abin da nake ɗoki kamar Lahadin ƙarshen wata. Nakan hau jirgin ƙasa zuwa Paris, in wuce Stains, inda 'yan komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu ta can gida, ke taruwa a falon wani Alhaji mai sayar da atamfa. Gaskiya ba jawabi ke kai ni ba. Tuwo ne, da mutanen garin da ke tsallaken gulbi daga ƙauyenmu. Kasuwarsu muke ci, 'ya'yansu muke aura, kuma tun kakanni suke mana tsiya wai mu ragwaye ne. A Lyon kuwa sai in yi mako ban sami mai tsokanata da Hausa ba.

Ana nan sai magajin gari ya raba ƙauyukan komin gungu-gungu, don kowane gungu ya tsara rijiyarsa da lakwal ɗinsa, wato makarantar boko. Gulbi aka ɗauka iyaka. Mutanen garin tsallaken suka faɗa yamma, mu aka haɗa mu da wasu ƙauyukan gabas da ban taɓa takawa ba.

Mutanenmu na Paris, in abu ya zo daga gida da hatimi, sun fi masu shi riƙe shi. Alhaji ya ce daga yau kowane gungu ya zauna daban, ya yi shawararsa, ya ci tirensa. Aka duba, duk Faransa babu ɗan gabas sai ni. Nan take aka naɗa ni wakili, har da tafi. Aka ba ni kujera bakin taga, da faranti da cokali kamar baƙo.

Na ɗauka wasa ne, na wanke hannu na matsa wajen tiren yamma. Wani dattijo mai gadi a Aubervilliers, wanda ya saba turo min nama gabana, ya ce, "Wakili, yi haƙuri. Zancen famfonmu muke, ku ma kuwa shi kuke biɗa."

Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na ƙara zuwa 'yan watanni ina shawara da kaina, daga baya na daina.

Wata Lahadi ina zaune a ɗakina, na kira inna in kai ƙara.

"Gungun mi?" in ji ta. Ashe ba ta ma ji labari ba. A lokacin tana tsallaken gulbin, gidan suna. "Hayaniya ta yi yawa, ɗana, ba ni jin ka. Kira in an watse."

Inna ba ta iya kashe waya ba, sai ta ajiye ta haka nan kan tabarma. Ina jin daka, ina jin guɗa, wata tana faɗa wai an hana ta goro. Ban kashe ba ni ma.