Salatif ɗin Tsohon Bafaranshe

Tun daga muryar shugabarmu a waya na san da matsala. Ba tsokanar da ta saba, cewa kawai ta yi in ajiye kayan shara in hau bene na tara. Wata huɗu ke nan da fara aikina a wani otal a birnin Lusail, can ƙasar Larabawa, kuma a gabana ƙorafin baƙo guda ya mayar da wata 'yar Kenya gida cikin sati.

Baƙon da ke ɗakin da aka kira ni tsoho ne, Bafaranshe, ɗan wasan kwaikwayo da aka gayyato ya yi wasa a dandamali. Da safiyar ranar, da na shiga gyaran ɗakinsa, na tarar da guntayen farin salatif manne a kafet nan da can, an jawo kujeru tsakiyar ɗaki. Na ɗauka datti ne. Na durƙusa na ɓamɓare su tas, har ina yaba wa kaina.

Wani ɗan Tunisiya mai karɓar baƙi ne ya yi tafinta. Ya ce idon tsohon ya yi rauni, da salatif ɗin yake haddace inda zai tsaya a dandamali da taku nawa zai yi. Kwana biyu yana jera su, wasan kuma jibi ne. Ba wadda nake gani sai mahaifiyata a Zariya, da abin da zan ce mata in na sauka da jaka.

Tsohon ya daɗe yana kallon kafet, sannan ya dube ni. Ya ce shi ma da tsintsiya ya shiga gidan wasa a Faris yana saurayi. Ya tsufa a fim bai taɓa fitowa a jarumi ba, kullum mahauci ko ɗan sanda, kuma kusan kullum a kashe shi kafin a kai rabi. Yana faɗa yana gwada yadda yake faɗuwa, har shugabarmu ta toshe baki.

Sai ya miƙo mini sabon salatif. Yana taku yana ƙirgawa, ni ina mannawa inda ya tsaya.

Tafintan ya ce, "Wai ki danna sosai, 'yata, kada wata mai ƙwazo ta zo."

Sai la'asar muka gama. A bakin lif shugabarmu ta dafa kafaɗata ta ce, "Khalas, sista, magana ta ƙare, bai rubuta ƙorafi ba. Gobe ma ke ya ce a turo masa."