Muryar Yaya a cikin kwamfutar masallaci

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, sana'ata kuma ɗinki ce, a wani ɗan shago da ke jikin masallacinmu a unguwar Maamobi. Duk lokacin da na ɗauki biro sai in ce, idan na kira wani abu na kwamfuta da sunan da ba nasa ba fa? Masu ilimi su yi dariya, dariyar kuma ta shafi yayana. Ni mutum ne da nake auna yadi, in sake aunawa, in yanka, sannan in zauna ina zullumin ko na yi daidai. Matata ce ta gaji da ni ta ce in rubuta ko in daina damunta da zancen.

Yayana shi ne mai sanarwar unguwarmu tun ina saurayi. Rasuwa, suna, ɗaurin aure, yaron da ya ɓata, duk a bakinsa ake ji ta lasifikar masallaci. Unguwarmu taron jama'a ce, don haka yakan fara da Hausa, ya maimaita da Dagbanci, da Zabarmanci, da Kotokolanci, wani lokaci ya ƙara da Tuwi saboda maƙwabta. Ba wai ya ƙware a harsunan duka ba ne, amma ya iya buɗe sanarwa da rufe ta yadda kowace kabila take so, kuma tsofaffi suna jin daɗin haka ƙwarai.

Sai ciwon maƙogwaro ya kama shi. Likitoci suka ce za a yi aiki, kuma da wuya muryar ta dawo. 'Yarsa, wadda muke ce wa Uwa saboda sunan mahaifiyarmu ta ci, a lokacin tana karatun kwamfuta. Kafin a kwantar da shi ta zaunar da shi a shagona, ta sa na kashe keken ɗinki da fanka, ta yi ta ɗaukar muryarsa yana faɗin mabuɗi da marufin kowace irin sanarwa a kowane harshe. Bayan aikin, abin da ya rage masa raɗa ce kawai, sai ka kai kunne kusa da bakinsa.

Da waɗannan muryoyi Uwa ta haɗa masa manhaja a wata tsohuwar kwamfuta da aka ba masallaci. Idan ta buɗe, manyan maɓallai ne a allo: kore na suna, rawaya na aure, fari na rasuwa. Ƙarƙashin kowanne akwai harsunan, an rubuta su da ajami saboda Yaya ba ya karanta boko. Shi zai danna da linzamin kwamfuta, muryarsa ta fita a lasifika, ta tsaya, ni in faɗi sunan mutumin da gidan da lokacin a makirufo, ya sake dannawa muryarsa ta rufe da addu'a. Ranar farko mata suka fito ƙofar gida suna tambaya ko ya warke ne.

Ba a rasa tuntuɓe ba. Hannun Yaya yana rawa, farin maɓalli kuma yana manne da kore. Wata safiya muna sanarwar suna, sai unguwa ta ji "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Uban jaririn, wani mahauci, ya shigo da gudu, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Ei, Alhaji! Yanzu na baro shi yana shan nono, yaushe ya mutu?"

Yaya yana ba da haƙuri ba wanda ke jin sa. Da yamma na tsare Uwa. Na ce ta sa manhajar ta riƙa tambaya kafin ta yi magana, ta sake tambaya, in da hali ta ƙara tambaya.

"Baba Ƙarami, in na bi taka sai an binne mutum kafin a sanar," in ji ta.

Abin da ta yi ya fi nawa hankali. Ta ɗauke farin maɓallin ta kai shi can gefe shi kaɗai, ta kuma sa ba ya aiki da dannawa kawai, sai an danne shi an riƙe har wani zobe ya zagaye shi ya cika. Hannu mai rawa ba zai yi haka bisa kuskure ba.

Kulle manhajar da ta yi daga baya kuma dalilinsa daban. Wasu samari sun kwafi muryar Yaya daga kwamfutar, suka ɗora ta a kan kiɗa, tana yawo a wayoyi ana dariya. Yaya ya daina fitowa hira bayan la'asar. Uwa ta yi fushi irin wanda ban taɓa gani ba. Ta cusa muryoyin cikin manhajar ta rufe su yadda ba mai iya kwafa, ta ɗaure manhajar da wannan kwamfuta ita kaɗai, ta ƙara mata wasu tarkuna da ban fahimta ba. Daga baya ta yi aure ta koma garin Tamale, kuma a hanya aka sace jakar da kwamfutarta ta hannu take ciki. Asalin rubutun manhajar da ainihin muryoyin duk suna can. Ya zama, ban da guntun da samari suka cakuɗa da kiɗa, muryar Yaya ba ta ko'ina a duniya sai a cikin wannan tsohon akwati da ke ɗakin lasifika. Na ɗinka masa riga ta leda saboda yoyon ruwa.

Wata ranar damina aka kwana ba wuta. Da hantsi ta dawo, daidai lokacin da aka kawo labarin rasuwar wata tsohuwa mai sayar da koko a bakin layinmu, wadda kusan duk mun sha kokonta muna yara. Za a yi jana'iza bayan azahar. Ɗanta, direban motar hayar da muke kira torotoro, ya zo da kansa. Ya durƙusa gaban Yaya ya ce uwarsa ta sha faɗa cewa ita dai Alhaji ne zai sanar da mutuwarta, kamar yadda ya sanar da ta mijinta.

Na kunna kwamfuta, na buɗe manhaja. Maimakon maɓallai sai wani ɗan akwati ya fito da jan rubutu na Turanci. Na bi shi harafi-harafi, na gane yana cewa an taɓa wannan na'ura, ba za a buɗe ba. Na rufe na sake buɗewa, haka. Na kashe na kunna, haka. Na duba rigar ledar ko ruwa ya shiga, a bushe take. Na fara tambayar kaina ko ni na taɓa wani abu jiya da nake shara.

Akwai wani dattijo cikin masu kula da masallaci da ya daɗe yana ganin abin namu wahala ce kawai. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son a gama abu. Ya leƙo ya ce, "Tela, gawa ba ta jiran kwamfuta. Ba ladan makirufo ya yi sanarwa. Alhaji ya yi nasa zamani, a bar shi ya huta mana."

Yaya yana zaune a kujerarsa, hannunsa a kan linzami. Bai ɗaga kai ba. Na san idan ladan ya karɓi makirufo yau, gobe ma shi ne, kuma Yaya ba zai sake samun dalilin sa babbar riga ya fito da safe ba. Direban ya ce zai iya jira kaɗan, amma 'yan'uwansu na unguwannin Nima da Kanda suna buƙatar lokaci su iso.

Na kira Uwa. Tana wurin aiki, ga hayaniya a bayanta. Na karanta mata jan rubutun. Ta ce wannan ɗaya daga cikin tarkunanta ne, amma ba ta tuna wanne ba, don duk saƙo ɗaya ta ba su.

"An canza wani abu a cikin akwatin?"

"Wallahi ko ƙusa ba a taɓa ba."

"An soka masa wani abu a baya?"

Na zagaya na duba. Babu. Ta sa na cire wayar lasifika na mayar, ta sa na shiga wani wuri na karanta mata wasu lambobi, ta ce daidai suke. Na ji muryarta ta fara sanyi. Ta ce, "Baba Ƙarami, ni na kulle abin nan, ga shi ni ma ina waje." Dattijon nan yana bakin ƙofa yana duba agogon hannunsa.

Can ta ce in karanta mata duk abin da nake gani a allo, kome da kome. To ni idan aka ce kome da kome, haka nake ɗauka. Na fara daga sama, na karanta sunan kowane ɗan hoto, har kwandon shara. Ta ce in yi sauri. Na ce ita ta ce kome. Na gangaro ƙasa, na kai kusurwar dama inda agogo yake, na karanta lokaci, na karanta kwanan wata.

"Tsaya! Wace shekara ka ce?"

Na maimaita. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har na ji wani yana tambayarta lafiya.

"A shekarar nan ina aji nawa ma? Baba Ƙarami, kwamfutarku ta koma yarinta!"

Ta yi mini bayani a gurguje. A cikin akwatin akwai wani ɗan batir mai kama da tsabar kuɗi, shi ke riƙe agogo idan an ɗauke wuta. Ya mutu, shi ya sa agogon ya koma can baya. Ita kuma ta koya wa manhajar cewa duk ranar da ta ga kwanan wata ya ja da baya, to ɓarawo ne ke wasa da ita, ta ƙi buɗewa. Ta ce in gyara kwanan watan kawai.

Kawai a wurinta. Ni a wurina babban aiki ne. Ta bi da ni mataki-mataki, ina maimaita kowace magana kafin in danna. Da na zo wurin tabbatarwa na tsaya.

"Idan na danna ya goge muryar fa?"

"Ba zai goge ba."

"Kin tabbata?"

Sai na ji an ja hannun rigata. Yaya ne. Na sunkuya, ya raɗa mini a kunne, "Danna, matsoraci. Haka ka yi ranar aurenka."

Na danna. Na buɗe manhaja. Kore, rawaya, da farin nan can gefe shi kaɗai. Yaya ya gyara zama, ya kai linzami, ya danne ya riƙe har zoben ya cika. Muryarsa ta da, mai kauri, ta fita saman rufin kwanon Maamobi. Na faɗi sunan tsohuwar da lokacin salla. Ya bi harsunan ɗaya bayan ɗaya. Direban ya rufe fuskarsa da hula. Dattijon ya ce, "To, Allah ya jiƙan ta," ya fita gyara shimfiɗu. Jama'a sun cika layi a jana'izar.

Washegari na naɗe akwatin a zane na kai shi unguwar Kawukudi wurin wata mata mai gyaran kwamfuta. Ta canza batirin tana cin gyaɗa. Ta kara kunne a jikin akwatin ta ce, "Papa, wannan ya tsufa paa, tsufa sosai. Wata rana zai kwanta ba zai tashi ba." Na ba ta labarin kullen, na tambaya ko za ta iya fasa shi. Ta ce ita ba ta fasa kullen mutane, kuma babu buƙata. Tunda manhajar tana yarda ta yi magana, a haɗa waya daga inda sauti ke fita zuwa wata na'ura, a danna kowane maɓalli, a ɗauka. Na kira Uwa na faɗa mata, ta ce kunya ta kama ta da ba ta tuna da haka ba.

Haka muka yi a wata ranar Lahadi, Yaya na dannawa, matar na ɗauka, ni ina sauraron kowanne sau da yawa har suka gaji da ni. Yanzu muryoyin suna wurina, suna wurin Uwa, suna wurin matar. Uwa ta fara rubuta sabuwar manhaja a hankali, idan yaranta sun bar ta. Ta ce wannan karon kowane tarko zai faɗi dalilinsa da Hausa, kuma tana turo mini ina gwadawa, don ta ce ba ta san wanda ya kai ni neman aibu ba.

Abu ɗaya ne bai samu ba. Marufin sanarwar aure da Kotokolanci, da muka danna shi, sai ƙara kawai yake kamar ana soya ƙosai. Ya lalace a ciki, ba mu san tun yaushe ba. A nan ne Yaya yake yi wa ango da amarya wata addu'a da ya koya daga wani tsoho ɗan Togo, kuma yana son ta fiye da sauran.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman 'yan'uwanmu Kotokoli na Nima da Maamobi da Sabon Zongo. Idan an taɓa sanar da auren wani naku daga masallacinmu, ku duba tsofaffin wayoyi da bidiyon biki, ko muryar ta shiga daga nesa. Ko da akwai hayaniyar mata da kukan yara a ciki, mai gyaran nan ta Kawukudi ta ce za ta iya tacewa. Ku tambayi telan da ke jikin masallaci, kowa zai nuna muku.