Hannun da Ya Yi wa Takwara Kitso

Mijin 'yata naɗin koyil ne sana'arsa. In fanka ta ƙone, ko injin famfo, ko na niƙa, shagonsa ake kawowa, ya warware ƙonanniyar wayar ya naɗa sabuwa. A layin shagunansu Injiniya ake kiransa, ko da yake bai wuce sakandare ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun dangi, yau wannan gida gobe wancan, har wani kawunsa ya kai shi koyon sana'a. Iyakar abin da na sani game da shi ke nan lokacin da 'yata ta kawo maganarsa, ita da ta gama jami'a tana koyarwa. Ta ce min, "Mama, shi daban ne. Yana wanke kwano, kuma ba ya tsayawa jiran a gode masa."

Na ce mata duk daban suke kafin a ɗaura. Na daɗe ina aiki da maza masu ilimi. Na ji su a ɗakin taro suna jawabi a kan haƙƙin mata har jijiyar wuya ta tashi, da an watse kuma su miƙa wa macen da ke kusa kofin shayinsu ta wanke. Saboda haka duk namijin da aka ce min na zamani ne, nakan ƙara buɗe ido a kansa. Shi Injiniya bai taɓa yabon kansa ba, shirun nasa ma bai kwantar min da hankali ba.

'Yata ta rasu bayan gajeriyar jinya. Ta bar yarinya 'yar shekara huɗu da aka sa wa sunana, muna kiranta Takwara. Da aka tashi daga zaman makoki na gyara ɗakin da uwarta ta girma a ciki, na sa aka kira Injiniya. Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Mama, ku yi haƙuri. Ku bar min ita."

"A bar maka ita a ina? A cikin wayoyi?"

"Da safe tana makaranta, da rana tana wurina. Duk ƙarshen mako zan kawo muku ita."

"Wa zai yi mata wanka? Wa zai dafa? Wa zai taɓa mata kai?"

"Ni."

Malam, maigidana, ya ce uba ne, a ba shi lokaci. A raina na ce ko dai ya gaji ya kawo ta da kansa, ko kuma akwai wadda yake shirin miƙa wa.

Bai gaji ba. Yana kawo ta fes, faratanta a yanke, takalmanta a wanke. Kanta ne kawai kamar sheƙar tsuntsu, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa. Ni kaina da na ɗauko mataji sai ta dafe kai da hannu biyu tana ihu, wai mamanta ce take yi mata.

Wata Asabar sai ga ta da kitso, layi-layi zuwa baya, a miƙe kamar an ja da rula. Na ɗora ta a cinya na duba. Fatar goshinta a ɗame take har girarta ta ɗaga, ga ƙananan ƙuraje a bakin gashi, gashin gefe kuma ya fara tsinkewa. Mako na gaba haka, na bayansa haka.

"Takwara, wa ya yi miki kitso?"

"Baba."

"Baba da wa?"

"Baba da Baba."

"Yana zafi?"

Ta waiwaya ta kalli ƙofa, inda ubanta ke gaisawa da Malam, sannan ta ce, "A'a."

Wannan waiwayen ya tsaya min a rai. Na ce wa Malam tsarin layin nan na gwanar mace ne, jan gashin kuma na macen da ba ta ƙaunar yarinyar ne, kuma an koya wa yarinyar abin da za ta faɗa.

Ya ce, "Ke kam 'yan sanda sun yi asarar ma'aikaciya. To in ma aure zai yi, haramun ne?"

"Ya yi a fili, ni zan fara kai gudummawa. Amma ba za a ɓoye min mace a kan jikata ba. Ranar da na tabbatar, ranar zan ɗauko ta."

A tsakiyar mako, bayan la'asar, na tafi shagon ba tare da na sanar ba. Niyyata in tilasta masa ya kai ni gidan a lokacin, kafin a kawar da takalmi ko mayafi. Na tsaya daga bayan wata mota da aka ajiye a gaban shagon mai walda, maƙwabcinsa.

Shagon matsattse ne, kawunan fanka jibge har rufi, warin ƙonanniyar waya na fitowa har titi. Injiniya na zaune a kan benci, Takwara a tsakanin gwiwoyinsa a kan wani akwati da aka kife. Mataji na saƙale a bayan kunnensa, inda masu sana'arsa ke saƙala sukundireba. Shi ne ke kitson. Ya tsaga layi da tsinke, ya kama gashin, duk kamu ɗaya sai ya ja ya ɗame ya danne da babban yatsa, daidai yadda na taɓa ganinsa yana kwantar da waya a cikin inji. Yarinyar ta runtse ido, ta cije leɓe, ba ta ce uffan ba.

Mai walda ya ɗage gilashinsa ya zolayi Injiniya, "Inna mai koyil! In kin gama da wannan ga uwargidana tana layi. Nawa ne kan manya?"

Injiniya ya ce, "Kawo naka kan tukuna, in akwai abin kamawa."

"Kai dai saura ɗaurin zane. Wallahi kakar yarinyar nan ta ji labari, sai ta zo da mota."

"Ta zo da ƙafa," na ce, na fito.

Mai walda ya sauke gilashinsa ya sami aikin yi. Injiniya ya zabura zai miƙe, gashin na hannunsa, sai ya rasa yadda zai yi, ya rusuna a zaune.

"Sannu da zuwa, Mama. Lafiya?"

"Wa ya koya maka?"

Ya nuna gefen teburin aikinsa. Wani damin siraran wayoyi ne aka kafe da ƙusa, an kitse su tsaf, wasu an warware an sake.

"Na kai ta wurin masu kitso, ta ƙi. Ni kaɗai take bari. Sai na riƙa kallon yadda suke yi, in dawo in gwada a nan har hannuna ya faɗa."

"A kan waya."

"E, Mama."

"Waya ba ta da fata. Dubi goshinta."

Ya sunkuya ya duba kamar yau ya fara ganin ƙurajen. "Na ɗauka zafi ne ya kawo su. A wurinmu in naɗi ya yi sako-sako, aikin banza ne. Kuma ba ta taɓa yin kuka ba."

Na durƙusa a gabanta. "Takwara, me ya sa ba kya kuka?"

Ta kalli ubanta, ta kalle ni. "In na yi kuka za ki tafi da ni."

"Wa ya faɗa miki?"

Injiniya ya ce wallahi ba daga bakinsa ba, wataƙila barkwancin maƙwabta take ji. Na kalle shi sosai. Idanunsa sun kaɗa, amma na sha ganin idon da ya kaɗa a kan ƙarya. Har yau ban san gaskiyar wannan ba. Abin da na sani shi ne yarinya 'yar shekara huɗu ta zaɓi ciwon kai a kan ɗakin da na gyara mata.

Na ce ya warware. Ya warware a hankali, tana sauke ajiyar zuciya da kowane layi. Ban taɓa kanta ba, tunda ba ta so. Na kama wuyan hannunsa, abin da ban taɓa zaton zan yi wa suruki ba, na riƙa sassauta shi duk lokacin da ya ɗame.

"Saki. Ƙara saki. Gashin goshi ba a kama shi, a bar shi ya huta."

"Zai warware, Mama."

"Ya warware. Sai ka sake."

Layin farko ya fito a karkace, ya dube shi da takaici irin na mai sana'a. Takwara ta shafa ta ce, "Baba, wannan ba ya cizo."

Ban ce ya kai ni gidan ba. A hanyar komawa na yi ta tunanin ranar da zai yi aure, don zai yi, yaro ne. A ranar ne za a san ko matajin nasa ne, ko riƙo yake yi wa wata. Ina so in ga zamanin da uba zai zauna da kan 'yarsa a tsakanin gwiwoyinsa, maƙwabci bai ɗage gilashi ba, kaka ma ba ta laɓe a bayan mota ba. Ban sani ba ko zan kai.

Malam na zaune a tsakar gida da rediyonsa. Ya leƙa bayana.

"Ina yarinyar?"

"Tana wurin ubanta. Can za ta zauna."

"Ashe kin yarda da shi."

"Ban ce na yarda ba. Na ce ta zauna. Ranar Asabar zan duba goshinta."